Ƙanena ya ci bakaloriya, gidanmu ya rabu biyu

Da sakamakon bakaloriya, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito bana, sunan ƙanena yana cikin waɗanda suka yi nasara, amma murnar ba ta kwana biyu ba gardama ta tashi a gidanmu da ke Garwa, a arewacin Kamaru. Kawunmu, wanda ya fi shekara talatin yana fataucin albasa daga Marwa zuwa Duwala, ya kira yaron bayan sallar isha'i ya ce masa: "Ɗana, bokon nan ya isa haka. Ka zo ka riƙe mini littafin ciniki, kafin shekara uku ka gina ɗakinka ka yi aure." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Kawu," alhali kowa ya san hankalinsa yana jami'a.

Ban ga laifin Kawu ba, domin da idonsa yake ganin masu digiri suna tuƙa babur na haya a bakin kasuwa. A zamanin ƙuruciyarsa jami'a ɗaya ce tak a Kamaru, tana Yawunde, ɗalibai suna karɓar alawus daga gwamnati, kuma wanda ya gama da wuya ya rasa aiki. A 1993 aka sauya tsarin: jami'o'in gwamnati suka zama shida, har da ta Ngaundere, aka soke alawus, aka sa kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara. Marwa ta samu tata a 2008, Garwa kuma a 2022. Karatu ya matso kusa da gida, masu digiri suka yawaita, amma ƙofar aikin gwamnati ba ta ƙara faɗi daidai da haka ba, kuma yawanci sai ta konkur, wato jarrabawar gasa ta ɗaukar ma'aikata, ake shigarta. Ni kaina sau uku na zauna wannan jarrabawa ban dace ba.

Duk da haka ban yarda cewa shekarun da na yi ina karatu a Dang, inda jami'ar Ngaundere take, sun tafi a banza ba. Kuskuren da muka daɗe muna yi shi ne auna digiri da albashin ƙarshen wata kawai, kamar dai ba shi da wani amfani a wajen ofis. Hujjata tana cikin sana'ar Kawu kanta. Lokacin girbi albasa takan yi araha, idan kuma ya ajiye ta don jiran farashi, wani kaso yakan ruɓe tun bai kai ta kudu ba. Takardun banki da na haraji dukkansu da Faransanci aka rubuta su, kuma kafin in fara karanta masa su, ya taɓa sa hannu a wata yarjejeniyar bashi wadda bai fahimci sharuɗɗanta ba, abin da har yau ba ya son a tuna masa. A Ngaundere kuwa ana koyar da sarrafa abinci da adana amfanin gona, akwai kuma makarantar likitancin dabbobi a tsakiyar ƙasar makiyaya. Yaron da ya tashi cikin buhunan albasa, idan ya koyi dalilin ruɓewarta da hanyar busar da ita, ba sai ya jira wani ya ɗauke shi aiki ba.

Wannan na faɗa wa Kawu, cikin ladabi, ban kuma ɓoye masa cewa hayar ɗaki da abinci sun fi kuɗin rajista nauyi ba. Ya yi shiru har shayinsa ya huce. Washegari ya aiko da sefa 50,000, tare da sharaɗi biyu: yaron ya nemi sashen sarrafa abinci, kuma duk hutu ya bi motar kaya zuwa Duwala. Ya ƙara da cewa idan albasarsa ta sake ruɓewa bayan shekara uku, ni zai fara tambaya.