Alhamis, bak-aksul ɗin Mustang ɗin Alhaji Ƙarami

Tun da na sauka a trotro (motar haya) a shataletalen Suame a Kumasi na hango ta a ƙofar shago, jar nan, Mustang GT ta 2008 da ya sauko da ita daga Amurka bara. Ko kokona ban shanye ba Masta ya miƙo min makulli ya ce in zaga da ita in ji da kunnena.

A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau, ba ƙugi ba komai. Amma ina karya kwana a hankali sai bayan motar ya kama gur-gur-gur yana fizga, har a kujera kana jin kakkarwar. Wai wani fita (makanike) a Tafo ya ce wa Alhaji boris ne ya mutu, ko kuma a sayi aksul gaba ɗaya. Ni dai raina bai ba ni ba, don boris in ya ci, kuka yake yi da gudu, ba sai an juya sitiyari ba.

Muka ɗaga ta a jak ƙafa biyu na baya, giya a firi, na juya taya ɗaya da hannu, ɗayar ma ta bi ta gefe guda. Bashiru, abokin aikina, ya zaro ido, shi ya saba da na tasi da in ka juya wannan gaba waccan sai ta yi baya. Na ce masa wannan mai faranti ce a ciki, farantan kuloci ne ke riƙe ƙafafun biyu don in ɗaya ta hau laka ko yashi kar ƙarfin inji ya tsiyaye ta can. Kuma farantan nan ba sa son man giya tsura, sai da ɗan maganin da ke sa su zame a hankali a kwana. In babu shi su kama su saki, su kama su saki, ƙarar kenan.

Irin wannan aksul ɗin ba ta da notin zubar da mai a ƙasa, dole ka kwance murfin baya, noti 10. Na fara buɗe notin cika mai tukuna, kar mu zubar mu rasa ta inda za mu cika. Man da ya fito baƙi ƙirin, ga warin ƙuna, amma alhamdulillahi na laluba da yatsa ba gutsuren ƙarfe, ɗan toka-toka ne kawai. Muka wanke, muka shafa gam, muka zuba man giya 75W-140 kusan lita 2 da kwalbar maganin mililita 118. Sai na je fili na yi ta zana lamba 8 a hankali don man ya ratsa farantan. Wajen zagaye na goma ƙarar ta ɗauke. Wallahi daɗin da na ji!

To ga abin da ya tsaya min a rai. Ina durƙushe ina goge hannu sai idona ya faɗa kan tayoyin baya, lambar girman ta dama 235/55, ta hagu 225/50. Kusan santimita 3 ne bambancin tsayinsu. Ma'ana ko a miƙe ake tafiya ɗaya ta fi ɗaya juyawa, farantan suna gugar juna tun daga Aboabo har Accra ba hutu.

Da ya zo bayan la'asar na ce, Alhaji, don Allah a sauya tayar nan kafin a hau titi. Ya yi dariya ya ce, ai ƙara ta tafi ko? Na ce ta tafi yau, amma tayar ce za ta cinye farantan, in suka suɗe sai an sauke an buɗe ciki, kuma kafin a samo na wannan motar a Magazin, kasuwar kayan mota ta Suame, sai an sha yawo. Ya ce taya ai taya ce, sabuwa ce ma, sati biyu da saye. Na sake buɗe baki Masta ya yi min ido, na yi shiru. Alhaji ya biya, har da ɗan na waakye (shinkafa da wake) ya ba Bashiru, ya tayar da ita ya fita yana taka wuta.

Ruwa ya kama mu a Asawase, na jiƙe sharkaf. Mma ta ajiye min tuwon zafi, rabi na ci.

Bayan isha na ɗauki waya na tura wa Alhaji hoton lambobin tayoyin biyu da na ɗauka ɗazu, ɗaya kusa da ɗaya. Ya buɗe, alamar ta yi shuɗi, har yanzu bai ce komai ba.