Godiya ga malamaina da mutanen kasuwar Sabon Gari

Alhamdu lillahi. Ranar Talatar da ta wuce Allah ya nufa na kare kundin digirina na biyu a fannin walwalar harshe, wato nazarin yadda jama'a ke amfani da harshe a zamantakewarsu, a Jami'ar Bayero ta Kano, aka kuma amince da shi bisa 'yan gyare-gyare. Tun ranar wayata ba ta huta ba. Duk wanda ya kira ban samu ɗauka ba, don Allah ya yafe mini, ga godiyata nan a dunƙule.

Aikin nawa a kan yadda 'yan kasuwar da ba Hausawa ba suke koyon Hausa ne a kasuwar Sabon Gari, ba aji ba allo, da yadda suke juya ta a bakin ciniki.

Malam, wanda ya duba aikin, da kai zan fara. Ban manta ranar da na kawo maka taken farko ba, mai cewa "kurakuran Hausar baƙi". Ka ja layi a ƙarƙashin kalmar, ka ce, "Wa ya gaya miki kuskure ne? Je ki saurara tukuna." Kai ka ba ni labarin William Labov, masanin harshe ɗan Amurka, wanda ya zaga manyan kantuna uku a New York yana yi wa ma'aikata tambayar da amsarta ita ce hawa na huɗu, wato "fourth floor" da Turanci, don kawai ya ji yadda kowa ke furta harafin r, binciken da ya fito a 1966. Ka kuma gargaɗe ni da abin da shi Labov ɗin ya lura da shi, cewa da zarar mutum ya san ana sauraren bakinsa sai ya gyara shi. Haka kuwa aka yi. Abin da na ɗauka a makonnin farko duk na ajiye shi gefe, domin kowa ya ga rikoda sai ya koma magana kamar mai karanta labarai. Allah ya saka maka da alheri, Malam, ya jiƙan magabata.

Amma godiya mafi nauyi ta mutanen kasuwa ce, waɗanda na yi wa alkawarin ba zan ambaci sunansu ba. Akwai wata Mama 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da manja da garin rogo, wadda ta ba ni benci a rumfarta wata da watanni har ta daina ganin rikodar. Mama takan ce wa mace "ya zo", takan ce "kasa" a wurin "ƙasa". Na farkon ba abin mamaki ba ne, tunda lamirin Ibo da na Yarbanci, wato kalmomi irin su "ya" da "ta", ba sa bambanta namiji da mace. To amma ku zo ku ga ciniki! Ba ta taɓa faɗin kuɗi ba ta gaisa ba: ina gajiya, ina iyali, sannan a shiga magana. In tayi ya yi ƙasa ba ta ce "a'a", sai ta ce "albarka", ta kau da kai. Ta san wanda ake ce wa Alhaji da wanda ake ce wa Baba. Da abokiyar rumfarta buroka suke yi, in za ta gaya wa yarinyarta ainihin farashi kuwa sai ta koma Ibo. A rumfar nan na gane cewa ladabin zance ya riga nahawu shiga bakinsu, kuma babin da mai jarrabawa na waje ya fi yabawa daga nan ya fito. Ita ce kuma ta gaya mini, cikin nutsuwa, cewa sunan nan da muka saba kiran su da shi, wanda ya samo asali daga "ba ni ruwa" a harshensu, ba ya yi mata daɗi. Tun ranar na cire shi daga bakina.

Sai Baba tela, Bayarbe haifaffen unguwar, wanda ya tuna mini cewa Sabon Gari ta haura shekara 100 da kafuwa. Gobarar 2016 ta cinye shagonsa, ya sake tashi. Hausarsa ta fi tawa karin magana. Baba, na gode da shayi da haƙuri.

Na gode wa abokiyar karatuna da ta zauna da ni muna juyar da sauti zuwa rubutu, tana fassara mini Ibo. Minti 10 na hayaniyar kasuwa kan cinye mana yini guda. Yajin aikin jami'o'i na 2022, wata 8 cur, ya kusa sa na haƙura. Yaya, kai ka hana. Inna, ke kika riƙe mini jaririya duk ranar kasuwa. Maigida, kai ka san abin da ka ɗauka, Allah ya bar zumunci.

Da zarar na gama gyare-gyaren, zan kai wa Mama da Baba kwafinsu har rumfa, in sha Allahu. Mama ta ce a karanta mata wurin da ta yi magana.