Tabon Almakashi a Jikin Ƙwallon Gilashi

A cikin tsohuwar adakar kakata, a gidanmu na unguwar Birni a nan Damagaram, na tarar da ƴan ƙwallayen gilashi irin na wasan yara guda bakwai gauraye da tsakiya, wato duwatsun wuya, kuma tun daga ranar nake bin masu tsofaffin kaya a kasuwar Dole ina neman irinsu. Abin da nake fara yi shi ne in shafa ƙwallon da farce. Waɗanda aka yi da hannu a garin Lausha na ƙasar Jamus, tun daga tsakiyar ƙarni na 19, ana yanko su ne daga sandar gilashi mai zafi da wani almakashi na musamman, don haka suna da ɗan tabo mai kaushi a gefe biyu, zaren launi kuma yana murɗewa daga wannan tabo zuwa wancan. Na inji kuwa, waɗanda suka yawaita a Amurka a farkon ƙarni na 20, sumul suke, babu tabo. Biyu kacal daga cikin na kakata suke da wannan alama. Ɗayan ya ɗan ɓalgace, amma shi na fi so, domin idan na ɗaga shi ga hasken hantsi ina ganin ƙananan kumfa a tsakiyarsa.