Shekarun da na yi a gaban raga

Ban shiga tanis don wasan bibbiyu ba. Da wasan mutum ɗaya na fara, na yi shekaru ina yawo a ƙananan gasannin ITF, hukumar tanis ta duniya, ana fitar da ni tun zagayen farko ko na biyu, sai in sa suna a na bibbiyu don in samu abin biyan otal. A hankali na lura a can nake cin wasa. Ƙafata ba ta da saurin rufe fili ita kaɗai, amma hannuna yana da kaifi a gaban raga. Ranar da kocina ya faɗa mini haka ƙarara na yi kwana biyu ina fushi, alhali gaskiya ya faɗa.

Faɗin filin bibbiyu mita 10.97 ne, na mutum ɗaya kuwa 8.23. Mai kallo na ganin mun samu sauƙi tunda mu biyu ne. Abin da ya kasa gani shi ne ƙarancin lokaci. Tun 2006 aka gajarta wasanmu a gasannin ATP, ƙungiyar ƙwararrun 'yan tanis maza: idan maki ya kai 40-40, ƙwallo ɗaya ce ke raba gardama, idan kuma kowane ɓangare ya ci set ɗaya, wato rukuni ɗaya na wasa, ba a buga na uku, sai a yi tseren maki 10. Kuɗin jirgi da wahalar mako guda na iya tafiya a ƙwallo biyu.

A irin wannan tsere na koyi abin da ya fi zauna mini. Muna 8-8, abokina zai yi sabis, wato bugun fara ƙwallo, ni ina sunkuye a gaban raga, hannuna a bayana. Dunƙulallen hannu na nufin zan tsaya inda nake, buɗaɗɗen tafi na nufin zan tsallaka in tare ƙwallon. Na buɗe tafi, ya ce to. Yana cilla ƙwallo sama na ga mai karɓa ya saci kallon layin da ke gefena, sai zuciyata ta raba biyu, na tsaya. Shi kuwa abokina tuni ya ruga ya rufe bayana kamar yadda muka yi alkawari. Muka taru wuri ɗaya, rabin fili fayau, ƙwallo ta wuce a hankali ba mai taɓa ta. A ɗakin canza kaya bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗan'uwa, da ka tsallaka aka wuce ka, ba zan ce uffan ba. Amma yanzu idan ka nuna min hannu, me zan yarda da shi?" Tun daga ranar, in na buɗe tafi tafiya nake, ko da na hango za a ci ni.

Abin da ya fi wuya a sana'ar nan ba a cikin fili yake ba. Ana shiga gasa ne da jimillar matsayin mutum biyu a jadawalin duniya, kuɗin kyauta kuma rabawa ake yi, ga shi dama bai kai na 'yan wasan ɗaiɗai ba. Saboda haka kowa idonsa na kan lambar ɗan'uwansa. Wata shekara abokin nan nawa ya ji ciwo a gwiwar hannu, matsayinsa ya zube, wani da ke sama da mu ya neme ni. Na amince, kuma ta saƙon waya na sallami mutumin da muka yi shekara uku muna kwana ɗaki ɗaya. Rabuwar ba laifi ba ce, kowa na yi. Yadda na yi ta ne har yau ke damuna. Da sabon kuma ba mu kai wata biyar ba: dukanmu gefen dama muka saba karɓar sabis, ba wanda ya yarda ya koma hagu da zuciya ɗaya.

Shi ya sa nake jinjina wa tagwayen Amurka, Bob da Mike Bryan, da suka ci kofi 119 tare, 16 daga ciki na Grand Slam, wato manyan gasanni huɗu na tanis, kafin su ajiye raket a 2020. Ana yawan maganar cewa Bob bahago ne, Mike kuma da dama yake bugu. Ni abin da nake gani shi ne tsawon zaman, kowanne ya san inda ƙafar ɗan'uwansa za ta sauka kafin ya ɗaga ta. Rohan Bopanna na Indiya kuwa ya hau matsayi na ɗaya a duniya a 2024 yana da shekara 43, abin da ya sa da yawa cikinmu muka daina ƙirga shekarunmu.

Yanzu kafin kaka ta fara nakan zauna da abokin wasana ido da ido, mu tsayar da watan da za mu sake duba tafiyar, da wanda zai riƙe hagu. Tsohon abokina na nema na ba shi haƙuri bayan shekara biyu. Mun haɗu a wata gasar Challenger, matakin da ke ƙasa da manyan gasannin ATP, bayan nan, raga a tsakaninmu, ya ci ni 10-7 a tseren maki 10.