Man giya: wurin da ka tsayar da tarakta shi ne farkon awo

Ƙaramar tarakta ƙirar Kubota gare ni, ta hannu na saye ta. Da ita nake gyara gonar shinkafata a wajen Kadawa, in an samu sarari kuma a yi wa maƙwabta haro. Ɗan yayana ne ke tuƙa ta.

Ranar Asabar ya kira ni: "Baffa, hannun baya ba ya ɗaga haro da ƙarfi, famfon haidirolik kuma sai kuka yake." Na tambaye shi ko ya duba man giya, domin da shi famfon ke ɗaga haro. Ya ce ai tun da safe ya duba, ya ga ya yi ƙasa, har ya ƙara masa.

Da na isa, na ce ya nuna mini inda ya tsaya ya auna. Ashe a gangaren bakin kanal ne, ga haro a rataye sama. Tarakta in ta karkace, mai zai kwanta gefe guda, geji, wato sandar awon mai, ya nuna maka abin da ba shi ne ba. Haron da ke sama shi ma ya riƙe wani man a cikin silinda. Ya zuba mai ya wuce layi, giya ta kaɗa shi ya yi kumfa, famfo yana zuƙar iska.

Muka kai ta fili mai baje, ya sauke haro har ƙasa, ya kashe inji. Muka ɗan jira mai ya kwanta. Kafin ya taɓa geji na sa ya goge bakinsa da tsumma, domin ƙurar da ke taruwa a bayan tarakta lokacin hunturu, in ta faɗa ciki, famfon haidirolik take ci. Ya zare, ya goge, ya mayar, ya sake zarewa. Sai da muka tsiyaye rarar kafin man ya dawo tsakanin layuka biyun.

Ni dai launin man ya fi damuna a kan yawansa. A yawancin waɗannan ƙananan taraktoci mai guda ne ke wa giya da haidirolik da birki aiki, mu kuma cikin ruwa da taɓo muke wuni. In ka ɗiga shi a yatsa ka ga ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, ƙari ba zai yi magani ba, sai juye da canjin filta. In ya yi duhu yana warin ƙuna, zafi ya sha. Namu garau yake, alhamdu lillahi.

Na duba galan ɗin da ya ƙara da shi, na ga UDT ne, wanda littafin Kubota ya ce a zuba, ba baƙin mai ba, ba kuma man giyar tirela mai kauri ba. Nan na yaba masa. Gobe da sassafe, kafin ya tayar da ita, tare za mu sake aunawa a ƙofar gida.