Ranar da na buɗe cikin jitata

Jitata ƙirar Sin ce, kwaikwayon Stratocaster, jitar lantarki ta kamfanin Fender, yayana ya kawo mini ita daga Kano shekara huɗu da suka wuce. Da ita nake kiɗan biki a nan Maradi, daga unguwar Zariya zuwa Bagalam, wani lokaci har Tibiri. Hannuna ya saba da wuyanta, ba ni da ƙorafi a kansa. Muryarta ce ta dame ni. Mikro uku gare ta, wato masu ɗaukar sautin tsirkiya su kai wa ampili, da makunni na zaɓen wanda zai yi magana. In na tura makunni wajen mikron da ke kusa da jaki, ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa kansa a gindin jita, sautin sai ya yi tsini yana sukar kunne, har in ga tsofaffin mata suna jan kujerunsu baya. In kuwa aka ɗauke kuran aka tada gurup, wani gunji ke tashi daga ampili kamar an taɓa amya, ko ban taɓa tsirkiya ba.

Na ƙudura sayen sababbin mikro duka uku. Kafin in kashe kuɗin, na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a bayan babbar kasuwa, abokin mahaifina. Bai taɓa kaɗa jita ba, amma ya tsufa yana gyaran lasifika da ampili. Muka sassauta tsirkiyoyi, muka kwance faifan robar, ya kifa shi a kan cinyarsa ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, waɗannan ai mayen ƙarfe ne da zaren jan ƙarfe," in ji shi. "Me suka yi maka za ka zubar da su?"

Na ce, "Baba, muryarsu ce ba daɗi."

"Tasu ka ji, ko ta abubuwan da aka ɗaura musu?"

Ya nuna mini bayan maɓallin bolim, an buga 500K a jikinsa. Mikro mai naɗi ɗaya, irin na wannan jita, da mai 250K aka saba haɗa shi, domin shi ke zubar da wani abu daga kaifin sautin zuwa mas, wato wayar ƙasa. Mai 500K yana barin kaifin ya wuce kusan duka. Ashe rabin tsinin da ke korar mini mutane daga nan yake. Sauran rabin kuma, a tsarin asali na Stratocaster maɓallan ton guda biyu na mikron wuya ne da na tsakiya, na jaki ba shi da ko ɗaya. Guntuwar waya da ba ta kai tsawon tsinken ashana ba muka gitta tsakanin ƙafafu biyu na makunni, shi ma ya samu nasa.

A wannan aikin na ƙona maɓallina na farko. Bayansa ƙarfe ne mai santsi, dalma ta ƙi kama shi, ni kuma na danne ƙarfen narka dalma a kai ina jira. Da ya huce sai ya riƙa ƙarar yashi in an murɗa. Baba bai yi faɗa ba. Ya ɗauko wani, ya kankare wurin da bakin wuƙa har ya yi haske, ya ɗora ɗigon dalma a kansa, ya ɗora a bakin wayar, sannan ya haɗa su kafin in ƙirga uku.

Gunjin ya fi ba ni wahala, sai da na gane iri biyu ne. Akwai siririyar ƙara da ke raguwa in ka ɗora hannu a kan tsirkiya. Ita mun rage ta da shimfiɗa takardar alminiyam a cikin ramin jitar da bayan faifai, muka ɗaure ta da wayar mas da ƴar kusa, don dalma ba ta kama alminiyam. Akwai kuma gurnanin ƙasa ƙasa, na kuran ɗinmu mai juyawa sau 50 a daƙiƙa. Mikro zare ne siriri kamar gashin kai, naɗe wajen sau 8,000, kuma yadda yake jin motsin tsirkiya haka yake jin taransifomar ampili. Takarda ba ta maganin wannan. Maganinsa shi ne wanda Seth Lover ya ƙirƙiro wa kamfanin Gibson, aka fara sa shi a jitarsu Les Paul a 1957: naɗi biyu masu saɓa wa juna a kan mayen ƙarfe masu fuska daban, gurnanin wannan ya kashe na wancan, kiɗan ya tsira. Shi ake kira hambaka. Guda ɗaya tak na sa aka sayo mini, siriri mai shiga ramin na jaki ba tare da an fafe katako ba.

Wayoyi huɗu gare shi, ni kuma na bi wani zane da na samu a intanet. Ban san kowane kamfani da nasa launukan ba, ja a wurin wani ba ja ba ne a wurin wani. Shi kaɗai ya yi murya mai kauri mai daɗi. Da na haɗa shi da na tsakiya, sai sautin ya rame, ya koma ta hanci, kamar rediyon da batir ya ƙare masa. Kwana biyu ina zaton an sayar mini da jabu. Baba ya ciro tsohuwar mitarsa mai allura, ya jona ta a mikron tsakiya, ya ɗora sukudireba a kan mayen ƙarfen ya fizge. Allura ta zabura dama. Ya yi haka a sabon, ta zabura hagu. "Ga shi nan, juya wa juna baya suka yi," in ji shi. Muka musanya waya biyu, magana ta ƙare. Tun ranar, duk abin da zan canza ɗaya nake canzawa, in mayar da tsirkiya in saurara, kuma ina ɗaukar hoton wayoyin kafin in taɓa su.

Aikin da na fi so kuwa ko dala ban kashe masa ba. Lokacin da Fender ta fito da Stratocaster a 1954, makunninta matsayi uku ne kawai. Makaɗa ne suka riƙa tsayar da shi a tsakani don mikro biyu su yi magana tare, sai a 1977 kamfanin ya mayar da shi biyar. Duk da haka, a cikin biyar ɗin babu inda na wuya da na jaki ke haɗuwa. Muka ciro ɗan makunni daga wata matacciyar rediyo, muka huda masa gurbi a faifai, aikinsa kawai ya kunna mikron wuya a duk inda babban makunni yake. Muryoyi suka zama bakwai. Haɗin wuya da jaki shi ne abin da na daɗe ina nema ban san sunansa ba: ƙasansa cike, samansa tas, tsakiyarsa a buɗe, ya bar wa mawaƙi da kalangu wurin shiga.

A wani biki a Tibiri na fara gwada shi, bayan isha'i, gurup na ruri a bayan rumfa. Na fara da hambaka don in ji ko gurnani zai taso, bai taso ba. Da mawaƙiyar ta ɗauki amshi na ɗaga ɗan makunnin. Mai kalangu ya waiwayo ya dube ni, ya matso da kujerarsa kusa da ampili, muka ci gaba har aka kawo amarya.