Rundunar da ke bayan dinarin Severus ta fito

'Yan uwa, alhamdulillahi, jiya da daddare haruffan M da V suka bayyana a bayan dinarina na tsohuwar daular Rum.

Dinarin azurfan nan ne na Septimius Severus, sarkin Rum, bugun shekarar 193, wanda na daɗe ina yi muku ƙorafi a kansa. Gaba ba matsala, gemun sarkin da SEP SEV PERT, wato gajeren sunansa, duk raɗau. Baya ne ya hana ni sakat. Mikiya na tsaye tsakanin tutoci biyu, TR P COS (muƙaman sarkin a taƙaice) a ƙasa, LEG (wato runduna) a hagu, amma lambar rundunar ta faɗa wajen baki tun ranar bugu, don faifan ya yi wa hatimin kaɗan. GEM kaɗai ake iya karantawa, bayansa kuma wani baƙin datti ya kafe kamar ƙanzo.

To, GEM ɗin nan, wato Gemina, runduna biyu ke da shi a jerin dinaran da Severus ya buga da sunayen rundunoninsa: ta 13 da ke Apulum a Dacia (Romaniya ta yau), da ta 14 da ke Carnuntum a bakin kogin Danube, wadda ta fara ɗaga Severus a matsayin sarki a watan Afrilun 193. Ta 14 ce kaɗai ke da ƙarin M V, wato Martia Victrix. Ke nan amsar tana ƙarƙashin dattin.

Masu cewa in sa lemun tsami, ku yi haƙuri, ban yarda ba. Zai cinye duhun da azurfar ta yi ƙarnuka tana tarawa, ya bar ta fari fat. Tataccen ruwa na yi ta jiƙa shi, in sauya, in ɗan taɓa da tsinken sakace, in mayar. Tsinken ya yi laushi in jefar in ɗauki wani. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba, musamman da na tuna kuɗin aiko shi ya kusa kamo kuɗin dinarin kansa.

Da ɓawon ya ɓalle, na kwantar da tocilan ta gefe, sai ga ƙafafun M, sai V a manne da ita. A jikin sandunan tutocin ma, abin da ya yi kama da tsatsa ashe akuyoyin nan ne masu jelar kifi, tambarin rundunar.

Na san ta 14 ce ta fi yawa a kasuwa, ta 13 ta fi tsada. Ko a jikina. Sojojin da suka naɗa Severus, mutumin Leptis Magna ta Libiya, sarautar Rum, sunansu ne a tafin hannuna.

Akwai sauran datti a fiffiken mikiyar na dama, kuma azurfar wurin kamar tana da rauni. Wanda ya taɓa cire irinsa ba tare da ya karce ta ba, don Allah ya faɗa mini da me ya yi.